Fuskar da Na Rufe da Waƙa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu.

Daga mahaifiyarka a Illela zuwa gare ka, Ɗanladi. Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya kai ka Sakkwato lafiya, ya tsare ka daga ɓarayin hanya da ruwan da ba ka saba da shi ba da mugun aboki. Na sa wagga takarda a jakar guzurinka, ƙarƙashin dakuwa, don na san sai kun sauka Gwadabawa yunwa ta kama ka sannan za ka gan ta. Haka nake so. Kai ɗan fari ne, ba a san uwa da zama tana hira da ɗan farinta ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Abin da bakina ya kasa, alƙalamin kakanka zai faɗa. Ka yi haƙuri da hannuna, ajamin da ya koya mini ne a Garu tun ina yarinya, bokonku ban san ko harafi ba.

Shekaranjiya ka tsaya a ƙofar madafa ina tankaɗe. Ka ce malaminku na makarantar Turawa ya ba ku aikin hutu, kowane yaro ya dawo da waƙa a kan mahaifinsa, ya karanta a gaban 'yan'uwansa. Ka ce sai an sa mata ado, wato ƙafiya da kwatanci da zuga da amshi, wanda ya kawo tasa tsirara kuwa zai sha kunya. Sannan ka tambaye ni.

"Inna, ƙaƙa kamannin Baba suke?"

Na ce maka, "Tashi ka ba ni wuri, hayaƙi ya dame ni."

Ka dubi murhu, ka ga ko wuta ban hura ba, ka yi shiru. Allah ya yi maka albarka da wannan shirun.

Ga amsar da na hana ka. Ban sani ba. Na zauna da mahaifinka a ɗaki ɗaya, na so shi son da har yau ban warke ba, amma in na rufe ido ba shi nake gani ba. Abubuwan nan huɗu da malaminku yake nema, da su na ɓatar da shi. Shi ya sa nake so ka ji yadda na yi da su kafin ka taɓa su.

Auren so munka yi, kada wani ya gaya maka wani abu daban. Masaƙin tabarma ne, ya zo Garu sayen kaba, ƙishirwa ta tsayar da shi a zauren kakanka, aka aike ni da ruwa. Ƙafafunsa kawai na gani, na koma da gudu. Duk zancen da ya yi ta zuwa bayan nan, kaina na ƙasa ina zane da babban yatsa. Da aka kawo ni Illela ma ban canza ba. In na kai masa tuwo sai in durƙusa in aje, idona a kan kwano. Shi kuwa mutum ne mai tsokana.

"Ke, allura ta ɓace miki ne a ƙasa? Hwaɗa mini in taya ki nema."

In ƙara sunkuyar da kai.

"Ɗago ki dube ni mana, ba ni cizo."

Sai in ruga bayan rumbu ina dariya ni kaɗai, in riƙe ƙirjina. Ina cewa a raina gobe zan dube shi sosai, ai yana nan, ina za shi?

Abin da na kasa yi da ido sai na yi da baki. Sunansa ba na faɗa, kamar kowace matar kirki, to sai na riƙa yi masa waƙa a bakin turmi. Na ce fuskarsa watan tsakiyar wata ce, idanunsa na barewa, haƙoransa nonon safe a sabuwar ƙwarya. Mata sunka yi ta guɗa, ni kuwa ina jin kamar zan tashi sama. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko na taɓa duban idon nan har in san ya yi kama da na barewa. A wurin 'yan matan Garu na ji waɗannan kalmomi, kowace da su take yabon nata. Yanzu in na neme shi sai wata ya fito, barewa ta gilma, ƙwaryar nono ta zauna a gabana. Kaya masu kyau a jere, babu mutum a tsakaninsu.

Don haka, ɗana, kwatanci bayan kallo yake zuwa. Kada ka ce abu ya yi kama da wani abu sai ka dube shi har ka gaji. In kwatancin da ya zo maka zai hau kan uban kowane yaro a ajinku, yar da shi, ba naka ba ne. Ka fara gwadawa tun a hanya. Ga Baba Na-Allah mai jakai da kuke tafiya tare, saci kallonsa har ka ga abin da shi kaɗai ke da shi, ko a kunne ko a tafiya, sannan ka nemo masa kama cikin abin da hannunka ya taɓa riƙewa. An koya maka sunkuyar da kai gaban manya, ni ma na koya maka, kuma ladabi ne. Amma wanda kake so, ka ɗago ka dube shi, ko za a ce ba ka da kunya.

Ƙafiya kuwa da wasa ta shigo mini. Wata rana ya dawo daga kasuwar Ƙwanni da damin gero da saiwar rogo, don na taɓa cewa ina marmari. Daɗi ya kama ni. Washegari ina daka sai baiti ya zo mini:

Ya kawo mini gero, ya kawo rogo,

na tsaya da taɓarya a sama ina neman abin da zai sauka daidai da rogo. Abu ɗaya ya zo, na sake shi:

Na gode Allah da ya ba ni dogo.

Ƙawata Hajjo mai fura, wadda ka sani, tana taya ni daka. Ta saki taɓarya ta riƙe ciki.

"Dogo? Wa? Mutumin da ka shiga ɗakinki bai duƙa ba? Ke ji tsoron Allah!"

"To mi zan ce? Shi ya hau."

"Ki ce gajere mana."

"Gajere bai zuwa da rogo."

Munka yi ta dariya har kaji sunka samu rabo a turmin. Kafin sati ya zagayo yara na kiransa Dogo a kan hanya, shi ma yana amsawa, yana ɗaga ƙafa yana taku kamar zalɓe don ya ba ni dariya. Sunan ya zauna. Kai kanka ɗan Dogo ake ce maka, har a makarantarku ka ce haka aka rubuta. Da kaina na san ba dogo ba ne, don ina tuna dariyar Hajjo. Amma wanda ke shigo mini a mafarki dogo ne, yana duƙawa a ƙofa, baƙo ne, ban san shi ba.

Ka ji wannan da kyau. Ƙafiya baiwarka ce, ita za ta bi ka. Ranar da ka ga tana jan ka zuwa abin da ba haka yake ba, koma baya ka warware ɗangon farko, ka sake masa ƙarshe. Da na ce ya kawo rogo ya kawo gero, da wata kalma ta zo, wataƙila ta gaskiya. Ƙyuya ce ta hana ni, da jin daɗin yadda ta faɗa a kunne. In ka rasa yadda za ka yi, bar baitin da ɗingishi. Malam zai ɓata fuska rana ɗaya ya manta.

Yanzu na zo wurin da hannuna ba ya son zuwa.

Ka san damin tabarmi. In an naɗe su an ɗaure da faya-fayai a sama, sai ka ga kaya sun fi ɗaki, alhali yarinya ma za ta iya ɗagawa. Haka mahaifinka ke fita da su ranar kasuwar Ƙwanni, daga nesa ba ka ganin mutum sai kaya suna tafiya. Ni kuma ina leƙensa ta zana, alfahari ya cika ni. Sai na ƙara wa waƙar, na gwada shi da amale, babban raƙumi:

Amale ya gaji ya durƙusa, nawa bai durƙusa ba,
An ɗora mai mangul goma, wuyansa bai karkata ba.

Mangul ɗaya na gishiri bai taɓa ɗauka ba. Yana da ciwon ƙirji tun yana yaro, in sanyi ya shigo sai na gasa masa baya da tsumma. Na san wannan, ni kaɗai na fi kowa sani. Amma zuga tana da daɗi a baki, kuma na ga kowa haka yake yabo. Da ya ji sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Wagga yarinya za ki sa a ɗora mini gari."

Wannan baiti shi na mayar amshi, bayan kowane ɗango sai in dawo kansa. Masu fura sunka ɗauke shi sunka ƙetara da shi Ƙwanni. A lokacin ba a daɗe da raba mu ba, aka ce nan ƙasar Ingilishi ce can ta Faransa, alhali rijiya ɗaya kakanninmu sunka sha. Mutum ana tsayar da shi a kan iyaka a tambaye shi ina za shi, waƙa kuwa ba mai tsayar da ita.

Kana da shekara kamar huɗu sojan Faransa sunka rufe kasuwar Ƙwanni suna kamun maza, za su yi musu dakon kaya zuwa arewa cikin rairayi. Hajjo na can da ƙwaryarta, ita ta ga komi. Aka jera maza a rana. Bature na bi yana taɓa kafaɗu, tafinta na biye da shi. Da ya iso kan mahaifinka ya ga ƙasusuwan wuyansa, ya yi masa alama da sanda ya fita. Ya fita, Ɗanladi. Har ya sunkuya zai ɗauki tabarminsa. Sai wani daga cikin layin, wanda ke neman a sake shi a kama wani, ya ɗaga murya.

"Wanga kunka saki? Ai shi na Dogo na Illela, wanda amale ka durƙusawa shi bai durƙusa ba!"

Mutane sunka yi dariya duk da halin da ake ciki, don kowa ya san waƙar. Tafinta ma ya san ta, har ya rera ɗan guntu yana gyaɗa kai, ya juya ya yi wa Bature bayani. Baturen ya yi murmushi, ya sake nuni da sanda. Aka mayar da shi layi.

Hajjo ta kawo mini tabarmin a kanta. Waɗanda sunka dawo bayan damina biyu sun ce tun ba a yi nisa ba tari ya kayar da shi a ƙarƙashin kaya, aka bar shi a gefen hanya da goran ruwa. Ba wanda ya ga ƙarshensa, ba wanda ya san inda za a nuna mini in ce nan ne. Malamai sun ce mini ajali ne, ko ban yi waƙa ba zai tafi. Na yarda da ƙaddara, ban yi jayayya da Ubangijina ba. Amma na san bakin da amalen nan ya fito.

Ba zan ce maka kada ka yi zuga ba, tunda malaminku ya nema, kuma waƙa ba ta tashi sai da ita. In za ka zuga, zuga abin da ke cikin ƙirjinka, wanda kai kaɗai za ka ɗauki nauyinsa. Ka ce kewarsa ta fi gulbi cika, ba wanda za a kama saboda haka. Amma kada ka ɗora wa jikin wani ƙarfin da ba shi da shi, ko dukiya, ko jarunta. Kai kana wasa ne, mai sauraro ba ka san abin da yake nema ba.

Jiya da ka ga na fita tun da safe na ce za ni gaisuwar rashin lafiya, Gidan Katta na tafi wurin gwaggonka Ige, yayar mahaifinka. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na yi tunanin in ni na rasa, jininsa ba zai rasa ba, sai in karɓo maka a wurinta. Na same ta tana kaɗi, idonta ya yi rauni. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaya.

"Yaya, kina tuna kamanninsa?"

"Wa? Dogo? Haba, mi za ya hana? Fari tas awa wata, ga ido awa na barewa."

"Yaya, ba dogo ba ne."

Ta tsayar da mazari. "To, ke kinka hwaɗa. Ke kinka zamna da shi, ni tun yana ƙarami anka kai ni ɗaki."

"Ba ki tuna komi naki na kanki?"

Ta ce sai dai tsagar gidansu da ke kumatunsa, irin ta kowane namiji a gidan. Sannan ta fara gyaɗa kai tana rera amale ya gaji ya durƙusa, hawaye na bin fuskarta, tana ganin daɗaɗa mini take yi. Na zauna na saurare ta har ta kai ƙarshe. A hanyar dawowa na biya wurin Hajjo, ita ma ta ce, "Wallahi ƙawata, in na tuno shi muryarki nike ji." Ka ga abin da na yi. Ban tsaya a kaina ba, har a zukatan mutane na shafe shi na zana wani. Abin da aka maimaita shi ke zama, sauran duk iska ta kwashe. Haka amshi yake, ya fi mai shi tsawon rai. Kada ka sa masa komi sai abin da za ka iya jure ji daga bakin wasu bayan ka tsufa.

Da a nan maganar ta ƙare, da ban ɓata tawadar kakanka ba. Amma shekaranjiya da na kore ka daga madafa ba ka tafi nan take ba. Ka tsaya kana murza hularka, ka yi 'yar dariya irin ta mai jin kunya.

"Ni dai abu guda nike tunawa, Inna, kuma bai shiga waƙa. Yana hura mini kunu a ludayi, gashin bakinsa ya jiƙe. In na hwaɗi wanga yara za su kashe ni da dariya, ubanninsu duk masu rawani na. Zan sa wata da zaki in huta."

Ka juya ka tafi, ba ka ga rariya ta faɗi daga hannuna ba. Ɗanladi, na gan shi. Bakinsa kawai, leɓen ƙasa ya ɗan turo yana hurawa, ɗigon kunu a gefen gashin, yana lashewa da harshe. Ashe na taɓa dubansa ban sani ba, daga gefe, lokacin da hankalinsa ke kanka. Na yi ƙoƙarin ɗaga idona sama in ga hanci, in ga ido, sai watan nan ya sake rufewa. Iyakar abin da ya dawo ke nan, kuma ba na jin saura zai dawo. Shekaru ina rera baitoci masu ado, ba wanda ya ba ni ko ƙwayar gashinsa, sai maganar da kake jin kunyar faɗa.

Ina roƙonka, ni da ban taɓa roƙonka komi ba, kada ka jefar da ita. Ita za ka sa a farko, ka gina sauran a kanta. Jiƙe tana da 'yan'uwa da yawa da za su sauka tare da ita. Yanzu ma ɗaya ta zo mini, har na tsoma alƙalami zan rubuta maka, hannu guda da ludayi, guda kai ya riƙe. Sai na tsaya. Ban sani ba ko ya riƙe ka. Wataƙila a cinyarsa kake, wataƙila a ƙasa. Ka ga halina, har yau bai sake ni ba. Kai ne ka san yadda kuka zauna, in ba ka tuna ba kada ka sa.

Yara za su yi dariya, ban ce ba za su yi ba. Malam ma wataƙila ya ce ado ya yi kaɗan, ya sa wani a gabanka. Ka haɗiye. In a makaranta wani abu ya sake faɗo maka, ko ƙanshin kaba a hannunsa, ko yadda yake kiranka, ka rubuta shi yadda ya zo, kada ka gyara, ka ba masu jakai su kawo mini. Ba ni da wurin nema sai wurinka.

Saura amshi. Na yi ta tunanin abin da ya cancanci a maimaita, na ga abu ɗaya ne. Garin nan duk Dogo sunka sani, waɗanda sunka san sunan da aka raɗa masa suna ƙarewa. Ni ban taɓa faɗarsa ba, ko a gabansa ko a bayansa, ko a cikin addu'a sai dai in ce uban yaron nan. Ya sha tsokanata, ya ce, "Ko sau ɗaya, ba mai ji," in ruga bayan rumbu. Yau zan rubuta, Allah ya yafe mini rashin kunya.

Sa'idu.

Shi za ka sa a ƙarshen kowane baiti, ka faɗe shi da ƙarfi har na bayan aji su ji. Ka kuma roƙi malam ya gyara ɗan Dogon da aka rubuta a kanka.

Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da zazzaɓi da sharrin baki, naka da na wasu. Ka gaishe da Baba Na-Allah, ka taya shi sauke kaya, amma kada ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka ko wa ya zuga ka. Ka rufe ƙirjinka in sanyi ya shigo. Ka riƙe salla, ka sa mahaifinka a ciki, in ka samu wuri ka sa ni. Allah ya maido mini da kai in dube ka da kyau.

Wassalam. Mahaifiyarka.